Pablo Casals: Makaɗin da ya kwance wa masu koyon celo ɗaurin hannu

A cikin kayan kiɗan Turawa akwai wani babban goge mai tsirkiya huɗu da ake kira celo. Tsayinsa ya haura mita ɗaya, saboda haka ba a ɗora shi a kafaɗa kamar ƙaramin ɗan'uwansa bayolin. Zama ake yi a kan kujera, a tsayar da shi a ƙasa bisa wata siririyar ƙafa ta ƙarfe, sannan a jingina shi a ƙirji tsakanin gwiwoyi biyu. Hannun dama yana jan bakan gogawa mai izgar doki, hannun hagu kuma yana danna tsirkiya a jikin wuyan gogen. Muryarsa mai kauri ce, kuma masana sun daɗe suna cewa a duk dangin goge ita ta fi kusa da muryar ɗan Adam.

Duk wanda ya shiga ajin koyon wannan goge a yau, abin da malami zai fara nanata masa shi ne ya saki kafaɗa, ya bar gwiwar hannu ta wala, kada ya shaƙe wuyan gogen da babban yatsa. Mai koyo zai ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali a ƙarshen ƙarni na 19 akasin haka ake koyarwa a makarantu da yawa na Turai. Mutumin da ya fi kowa hannu wajen wannan sauyi shi ne Pablo Casals, wanda mutanen ƙasarsa ta Kataloniya ke kira Pau Casals. Ya rayu shekara 96, ya yi wasa a gaban Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ya kuma yi a gaban Shugaba Kennedy na Amurka, amma tushen aikinsa ya faro ne tun yana yaro ɗan shekara goma sha biyu a cikin aji.

Haihuwa da tasowarsa

An haifi Casals ranar 29 ga Disamban 1876 a El Vendrell, wani ƙaramin gari kusa da bakin teku a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya. Mahaifinsa, Carles Casals, shi ne mai kaɗa ogan a majami'ar garin, yana kuma koyar da kiɗa da waƙa don ciyar da iyali. Mahaifiyarsa, Pilar Defilló, an haife ta ne a Mayagüez da ke tsibirin Puerto Rico, iyayenta kuwa 'yan asalin Kataloniya ne. Gidan ba na masu hali ba ne, sai dai kiɗa ba ya yankewa a cikinsa. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya koya masa fiyano, ya kama bayolin da sarewa, ya kuma shiga sahun yaran da ke rera waƙa a majami'a.

Wata rana waɗansu makaɗa masu yawo gari-gari suka sauka a El Vendrell. Ɗayansu yana goga wani abu da aka harhaɗa da sandar tsintsiya da tsirkiya, yana tsaye da shi kamar celo. Abin ya shiga ran yaron, ya yi ta damun mahaifinsa, har dai aka yi masa nasa da duma da tsirkiya ɗaya. Duk wanda ya san yadda ake haɗa kukuma a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, don kuwa dabarar ɗaya ce: ƙoƙon duma ya tara sauti, tsirkiya ta ba da murya. Wannan gogen duma yana nan har yau a gidan tarihin Casals da ke kusa da garinsu.

Sai da ya kai shekara goma sha ɗaya sannan ya fara jin celo na ainihi, lokacin da wani malami daga Barcelona mai suna Josep Garcia ya zo garin yin wasa tare da abokansa biyu. Tun daga ranar yaron ya ce shi ba ya son komai sai wannan goge. A nan aka samu saɓani a gida. Mahaifinsa ya san wahalar sana'ar kiɗa, ya fi son a kai shi wurin kafinta ya koyi aikin da zai riƙe shi. Mahaifiyarsa ta tsaya kai da fata cewa baiwar da ke tare da yaron ba ta wasa ba ce. A 1888 ta ɗauke shi zuwa Barcelona, ta sa shi a makarantar kiɗa ta hukumar birnin, a ajin wannan malami Garcia.

Littafi a hammata

Yadda ake koyar da masu farawa a wancan zamani yana da tsauri. Ana so ɗalibi ya matse gwiwar hannunsa a jikin haƙarƙari, damtse ya tsaya ƙyam, wuyan hannu kaɗai ya riƙa jan baka. Don a tabbatar ya bi ƙa'ida, sai a cusa masa littafi a hammatar dama, ya yi ta gogawa ba tare da ya bari ya faɗi ba. Hannun hagu ma a dunƙule ake riƙe shi, yatsu a haɗe wuri ɗaya, ta yadda duk lokacin da ake son kai wa ga sautin da ke ɗan nesa sai an janye hannun gaba ɗaya a kan tsirkiya. Wannan jan hannu yana haifar da wani ɗan kuka tsakanin sauti da sauti, wanda kunnuwan mutanen lokacin suka saba da shi har suka ɗauke shi ado.

Casals yana girmama malaminsa, kuma har tsufansa bai daina yabon kyawun hannun Garcia ba. Amma jikinsa yana gaya masa wani abu daban. Ya lura cewa idan aka ɗaure damtse, nauyin hannu ba ya sauka a kan baka, sai mutum ya koma dannawa da ƙarfin yatsu, sautin ya fito a shaƙe, kafaɗa kuma ta ƙage. Saboda haka a cikin aji yana yin yadda aka ce, idan ya koma masauki sai ya ajiye littafin, ya ɗaga gwiwar hannu, ya bar motsi ya taso tun daga kafaɗa ya bi damtse ya sauka a yatsu. Da ya fara nuna haka a makaranta 'yan ajinsu suka yi ta mamaki, malamin ma da farko bai gamsu ba. Amma Garcia mutum ne mai adalci. Da ya saurari sautin da ke fita, sai ya ƙyale yaron ya bi hanyarsa.

A hannun hagu ma haka ya yi. Maimakon ya dunƙule tafi, sai ya buɗe shi, ya koyi miƙa yatsa zuwa sauti na gaba ba tare da ya ɗaga hannun daga mazauninsa ba. Kamar yadda shi da kansa ya bayar da labari daga baya, ta haka ya iya kama sauti huɗu a wuri ɗaya, inda a da uku ake kamawa. Celo ba shi da alamomi a wuya irin na jita da za su nuna wa yatsa inda zai sauka. Kunne ne kaɗai jagora, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba yana iya ɓata sauti. Saboda haka duk abin da ya rage yawan kai-komon hannu ya rage kuskure ke nan.

Ba Casals ne ya fara tunanin tsarin yatsu ba. Tun farkon ƙarni na 19 Bafaranshe Jean-Louis Duport ya rubuta littafi a kan haka, kuma makarantun Turai sun daɗe suna amfani da shi. Abin da Casals ya ƙara shi ne ya mayar da sakewar jiki ma'aunin kowane motsi. A wurinsa, idan wata dabara tana sa ciwo ko ƙagewa, to laifin dabarar ne, sai a nemo wata.

Ɗan ƙaramin makaɗi a gidan gahawa

Don ya rage wa iyayensa nauyi, yaron ya samu aiki a wani gidan shan gahawa mai suna Café Tost, inda yake wasa da dare ana biyansa peseta huɗu. Kiɗan rawa da na nishaɗi ake so a wurin, amma ya lallashi mai gidan aka ware dare ɗaya a mako don manyan kiɗe-kiɗe. Sannu a hankali mutane suka fara zuwa musamman don su ji shi. Wasan sa'o'i a kowane dare ya zame masa wurin gwaji, domin hannun da ke a ɗaure ba zai jure irin wannan aiki ba.

A 1890, yana ɗan shekara goma sha uku, suna yawo da mahaifinsa a wani shagon tsofaffin takardun kiɗa a Barcelona, sai ya ci karo da abin da ya zama abokin rayuwarsa. Jerin kiɗa ne guda shida da Bajamushe Johann Sebastian Bach ya tsara wajen 1720, na celo shi kaɗai ba tare da rakiyar wani abin kiɗa ba. Kowane ɗaya yana da mabuɗi da kuma kiɗan rawa biyar. A lokacin makaɗa suna ɗaukarsu busassun darussa na motsa yatsu, ba wanda ke kaɗa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe a gaban jama'a. Casals ya kwashe su ya kai gida. Ya yi kimanin shekara goma sha biyu yana bitarsu kullum kafin ya yarda ya kaɗa ɗaya a bainar jama'a. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma a cikin waɗannan shekaru ne dabarun hannunsa suka nuna, domin kiɗan Bach ba shi da wurin ɓuya: babu fiyano da zai rufe kuskure, kowane sauti a fili yake.

Madrid, Brussels da yunwar Paris

Shahararren makaɗin fiyano Isaac Albéniz ya ji wasan yaron a gidan gahawa, ya ba shi takarda zuwa ga Guillermo Morphy, sakataren Sarauniya María Cristina, wadda ke riƙon sarautar Sifaniya a madadin ɗanta. A 1893 mahaifiyarsa ta kai shi Madrid. Fada ta yanka masa alawus, ya yi karatun tsara kiɗa a hannun Tomás Bretón, da na wasan haɗin gwiwa a hannun Jesús de Monasterio, wanda ya ƙara masa himma wajen daidaita sauti.

A 1895 aka tura shi babbar makarantar kiɗa ta Brussels a ƙasar Beljiyam. Malamin celo na wurin ya yi masa ba'a a gaban ɗalibai, yana ganin ba abin kirki da zai fito daga Sifaniya. Da saurayin ya zauna ya kaɗa, sai aji ya yi tsit, malamin ya koma roƙonsa ya tsaya. Casals ya ƙi, saboda wulaƙancin da aka fara yi masa. Wannan mataki ya jawo masa asarar alawus ɗin fada. Shi da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu suka wuce Paris ba su da komai. Ya samu ɗan aiki a ƙungiyar makaɗan wani gidan wasa mai suna Folies-Marigny, yana tafiya a ƙasa da gogensa a baya saboda rashin kuɗin mota. Mahaifiyarsa ta shiga ɗinki, har ta kai ga sayar da gashin kanta. Da rashin lafiya ta kama shi, dole suka koma gida.

A Barcelona ƙofa ta buɗe. Ya gaji kujerar malaminsa Garcia a makarantar da ya yi karatu, ya kuma zama shugaban masu celo a babban gidan wasan Liceu. A 1899 ya sake fita. Ya yi wasa a Landan, ya yi a gaban Sarauniya Biktoriya a gidanta na Osborne, sannan a watan Nuwamba ya bayyana a Paris tare da ƙungiyar makaɗan Charles Lamoureux. Daga wannan dare sunansa ya bazu a Turai.

Ranar da dutse ya faɗa wa hannunsa

A rangadinsa na farko a Amurka, wanda ya fara a 1901, ya hau dutsen Tamalpais kusa da San Francisco tare da abokai. Suna saukowa wani ɓangaren dutse ya gangaro ya murƙushe masa hannun hagu. Abokan suka firgita. Shi kuwa, kamar yadda ya faɗa daga baya, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne wani irin sauƙi, cewa ya huta da celo ke nan. Wannan ya nuna nauyin da yake ɗauke da shi, domin duk shaharar da ya yi, fargabar hawa dandali ba ta taɓa barinsa ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan watanni ana jinya hannun ya warke, ya koma bakin aiki. A 1904 ya yi wasa a fadar White House a gaban Shugaba Theodore Roosevelt. A 1905 ya haɗu da Alfred Cortot mai fiyano da Jacques Thibaud mai bayolin, suka kafa ƙungiyar mutum uku wadda ta yi suna kusan shekara talatin.

Mutumin da ya san fargaba, ya kuma san ciwon hannu, ya fi kowa sanin cewa ƙagewa ce babbar abokiyar gabar makaɗi. Tsoro yana ɗaga kafaɗa, yana sa babban yatsa ya matse, yana tsayar da numfashi. Shi ya sa koyarwarsa ta ta'allaƙa a kan musanya tsakanin aiki da hutu. Yatsa zai sauka a kan tsirkiya da kuzari kamar ɗan guduma, har akan ji ƙarar saukarsa a faya-fayansa, amma da zarar sautin ya fita sai a sassauta, kada a ci gaba da matsa abin da ya riga ya kamu. Idan an miƙa tafi don kai wa ga sauti mai nisa, nan take a maido shi yadda yake, kada a bar shi a buɗe yana wahala. Ko a cikin kiɗa mafi sauri yana neman ɗan taƙin da hannu zai huta. Ya kuma koyar da cewa a yi amfani da tsawon baka gwargwadon abin da kiɗa ke bukata, maimakon bin ƙa'idar jan baka daga gindi zuwa ƙarshe a kowane lokaci.

Yadda darasin ya yaɗu

Casals bai zauna ya rubuta littafin koyarwa ba. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Diran Alexanian, ɗan asalin Armeniya, wanda ya zama mataimakinsa a makarantar École Normale de Musique da aka kafa a Paris a 1919. A 1922 Alexanian ya wallafa babban littafi a kan dabarun celo, Casals ya rubuta masa gabatarwa yana amincewa da abin da ke ciki. Ta wannan littafi da ta ɗalibai irin su Gaspar Cassadó da Bernard Greenhouse, salon ya ratsa Turai da Amurka. A 1960 aka ɗauki darussansa a fim a Jami'ar California da ke Berkeley, inda ake ganin tsoho ɗan shekara tamanin da uku yana zaune gaban ɗalibi da nasa gogen, yana maimaita 'yan sautuka kaɗan har sai sun fito yadda yake so.

Abin da ake koya wa mai farawa a yau ya gaji wannan ruhi. Ana zaunar da shi a bakin kujera, tafin ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe ba tare da sanƙarewa ba. Ana daidaita tsawon ƙafar ƙarfen yadda gogen zai zo wa mutum, ba mutum ya sunkuya ya bi goge ba. Gwiwoyi suna tallafe shi ne kawai, ba sa matse shi. Yatsun hagu suna lanƙwashe kamar an riƙe kofi, babban yatsa yana bayan wuyan gogen daura da yatsan tsakiya, yana taɓawa a hankali. Abin da ke danna tsirkiya nauyin hannu ne da ke rataye daga kafaɗa. Wuyan hannu yana miƙe da damtse, ba a karya shi sama ko ƙasa. Yara kuwa ana ba su ƙananan goge, rubu'i ko rabi ko kashi uku cikin huɗu na babba, don kada a tilasta wa ƙaramin tafi abin da ya fi ƙarfinsa. Malaman kirki suna gargaɗin cewa taurin fata a kan yatsa abu ne da aka saba, amma zafi a wuyan hannu ko kafaɗa alama ce ta a dakata a gyara zama. Littafi a hammata ya zama labari.

Makaɗa da ma'aikata

Da ya yi arziki, Casals ya koma gida da niyyar gina wani abu. A 1920 ya kafa ƙungiyar makaɗa mai sunansa a Barcelona, ya riƙa biyan albashinsu daga aljihunsa na tsawon shekaru kafin ta tsaya da ƙafarta, shi ne kuma jagoranta. Bayan 'yan shekaru ya assasa wata ƙungiya ta ma'aikata, inda leburori da masu ƙaramin albashi ke biyan ɗan kuɗi kaɗan a shekara su samu damar sauraron manyan kiɗe-kiɗen da a da sai masu hali. Bai manta cewa shi ɗan talaka ne da ya tsallake rijiya da baya daga shagon kafinta ba.

A watan Yulin 1936 yana tsakiyar bita da makaɗansa aka kawo labarin cewa sojoji sun yi tawaye. Yaƙin basasar Sifaniya ya fara ke nan. Casals yana tare da gwamnatin jamhuriya, ya yi ta wasanni a ƙasashen waje don tara wa yara da mabukata taimako. A cikin waɗannan shekaru masu ɗaci, tsakanin 1936 da 1939, ya ɗauki jerin kiɗan Bach guda shida a faifai, shi ne kuma na farko da ya ɗauke su dukkansu. Yana da shekara sittin lokacin, kusan rabin ƙarni bayan ya tsince su a shago. Har yau ana sayar da waɗannan faya-fayai, kuma babu ɗalibin celo da zai gama karatu bai bi ta kan wannan kiɗa ba.

Gudun hijira da shiru

A 1939 Janar Francisco Franco ya ci yaƙi. Kusan mutum rabin miliyan suka tsallaka duwatsu zuwa Faransa, aka zuba su a sansanoni. Casals ya zauna a Prades, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa kusa da iyaka, inda ake jin harshen Kataloniya. Daga nan ya riƙa ziyartar sansanoni, yana rubuta wasiƙun neman taimako, yana aika abinci da sutura. Tun 1933 ya daina zuwa Jamus saboda mulkin Hitler, kuma da sojojin Jamus suka mamaye yankin, jami'ansu sun zo har gida suna neman ya yi musu wasa, ya ƙi, ya kafa hujja da ciwon kafaɗa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, ya sa rai manyan ƙasashen da suka kayar da Hitler za su juya kan Franco. Da ya ga sun ƙyale shi, sai ya ɗauki matakin da ya girgiza duniyar kiɗa: ya daina wasa a bainar jama'a a ƙasashen da suka amince da wannan gwamnati. Wanda ake ganin ba shi da na biyu a sana'arsa ya rufe ƙofa, ya bar kuɗi da ɗaukaka, ya zauna a ƙauye yana koyar da 'yan ɗaliban da suka biyo shi. Akwai masu ganin shirun bai rage wa Franco komai ba, illa dai ya hana mutane jin kiɗansa. Shi kuwa yana ganin gogen ne kaɗai makamin da yake da shi.

A 1950, shekara ɗari biyu da rasuwar Bach, wani makaɗin bayolin mai suna Alexander Schneider ya kawo shawara: tunda Casals ba zai fita ba, to makaɗa su zo wurinsa. Haka aka fara bikin kiɗa na Prades, wanda ake ci gaba da yi har yanzu. Masu sauraro suka tarar da tsoho ɗan shekara saba'in da uku, hannunsa bai mutu ba.

Ƙarshen rayuwa

A 1956 ya koma Puerto Rico, ƙasar haihuwar mahaifiyarsa. A 1957 aka fara bikin kiɗa mai sunansa a can, ko da yake ciwon zuciya ya kwantar da shi ana gab da buɗewa. A wannan shekara ya auri ɗalibarsa Marta Montañez, auren da ya jawo surutu saboda tazarar shekaru sittin da ke tsakaninsu. Ya murmure ya koma wasa. Ya sassauta alkawarinsa a 'yan lokuta saboda kiran zaman lafiya: ya yi wasa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1958, sannan ranar 13 ga Nuwamban 1961 ya amsa gayyatar Shugaba John Kennedy, shekara 57 bayan zuwansa na farko wannan fada.

Har a cikin shekarunsa na casa'in bai sauya tsarin safiyarsa ba. Yakan fara da kiɗan Bach a fiyano, sannan ya ɗauki gogensa, wanda gwanin birnin Benis Matteo Goffriller ya sassaƙa, ya bi sautuka ɗaya bayan ɗaya a hankali kamar ɗan koyo. Makaɗa da yawa suna ajiye goge tun suna da sauran ƙarfi saboda ciwon kafaɗa ko na jijiyar hannu. Casals ya yi shekara tamanin da biyar yana gogawa, kuma wannan kaɗai hujja ce babba a kan hanyar da ya zaɓa tun yana yaro.

Ranar 24 ga Oktoban 1971 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, U Thant, ya ba shi lambar yabo ta zaman lafiya. A wurin ya ɗauki baka ya kaɗa wata tsohuwar waƙar gargajiya ta Kataloniya da ake kira Waƙar Tsuntsaye, wadda ya saba rufe wasanninsa da ita tun da ya shiga gudun hijira. Ya rasu a San Juan ranar 22 ga Oktoban 1973. Franco ya mutu bayansa da shekara biyu, saboda haka Casals bai ga sauyin da ya yi ta jira ba. A 1979, bayan dimokuraɗiyya ta dawo Sifaniya, aka ɗauko gawarsa aka binne a El Vendrell, garin da aka haɗa masa gogen duma.